Ɗigon Fari a Idon Baba

Wata daga cikinku ta tambaye ni a ƙasan rubutuna na baya, wai me ya hana in buɗe baki in faɗa wa iyayena abin da nake so a wuce wurin. 'Yar'uwa, da kin san ni da ba ki tambaya ba. A gidanmu Shiru ake kirana. Ni ce wadda idan mai shago ya miƙo mini abin da ban ce ba, sai in karɓa har da godiya. Na shiga jami'a na fita ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Aikin da na samu ma na shiru ne, ina kula da ɗakin karatu a wata makarantar firamare. Ku riƙe wannan a ranku, don ku gane nauyin abin da ya faru ranar Asabar.

Ga waɗanda yau suka fara bina: akwai wanda nake so, mai zane ne. A ɗakin karatun namu muka haɗu, lokacin da aka ɗauko shi ya zana wa yara dabbobi a bango. Ya yi musu giwa mai launin shunayya, shugabar makaranta ta kusa kuka, yara kuwa har yau suna gaishe da giwar da safe. A wayata na sa masa suna Shuɗi, don ban taɓa ganin faratansa babu shuɗin fenti a ƙarƙashinsu ba. A gida Mai Fenti suke ce masa, kuma ba yabo ba ne. Mama tana da nata ɗan takarar, Injiniya, ɗan aminiyarta, mai albashi da mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Yayata, wadda ta yi aure amma har yanzu ba a yanke komai a gidanmu sai da bakinta, tana bayan Mama.

Baba ne kaɗai bai nuna gefensa ba. Makarantar koyon tuƙi gare shi, motoci biyu da ɗan ofis, kuma har gobe shi da kansa yake zama kusa da ɗalibi. Ɗalibansa Madubi suke kiransa a bayan idonsa, saboda ba ya numfashi biyu bai ce "duba madubi" ba. Duk abin da Baba yake taƙama da shi a duniya idonsa ne. Ya sha faɗa mana cewa ƙafa da hannu kowa yana da su, direba idonsa ne.

Ranar da Shuɗi ya zo gaishe shi, Baba ya daɗe yana kallon faratan nan kafin ya yi magana.

"An ce zane ne sana'arka."

"Haka ne, Baba."

"Ni ban san sana'ar da ban gani da idona ba. Zana ni. Idan na kalla na ga kaina, ka turo manyanka. Idan ban ga kaina ba, ka sha ruwa ka kama gabanka, babu faɗa."

Yaya ta ce a tura masa hoton Baba na waya a huta. Shuɗi ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya zane daga hoto, sai mutum ya zauna a gabansa yana numfashi. Na ɗauka a nan maganar za ta mutu. Sai ga Baba ya yarda. Asabar bayan Asabar, da la'asar, yana zama a falo, Shuɗi yana gefe da fentinsa da tsumma a kafaɗa. Baba ne ya zaɓi wurin zama da kansa. Ya sa aka ja kujerarsa har taga ta koma damansa, ya ce nan ya fi iska. Babu wanda aka bari ya leƙa aikin. Kullum Shuɗi zai lulluɓe shi ya tafi da abinsa.

Da safiyar Asabar ɗin nan ina guga saƙonsa ya shigo.

"Na gama."

Na ajiye dutsen gugar a tsaye na rubuta, "Ya yi kyau?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ya yi gaskiya."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Akwai abu ɗaya da ban sa ba. Zan zo da ƙaramin buroshi a aljihu. Idan kin ce in sa, zan sa."

"Mene ne?"

"Ke mai gani ce. Za ki gani."

Na kira, bai ɗauka ba. Na koma kan gugar, na kusa ƙona mayafina.

Da rana na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda nake jin kamar ba a ganina idan na sa ta. Mama ta kalle ni sama da ƙasa daga bakin kicin.

"Zaman makoki za ki? Je ki canza. Ko kin riga kin san yadda abin zai ƙare ne?"

Na koma na sa mai ruwan hoda, na ɗaura ɗankwali sau uku yana zamewa. Yaya ta iso cikin leshi da jaka mai sarƙa, ta zube a doguwar kushin ta cire takalma, ta ɗora wayarta a cinya.

"Na faɗa wa 'yan gurup ɗinmu na dangi su zauna da shiri," in ji ta. "Yau akwai kallo. Shiru, ki tanadi hankici."

Baba ya fito cikin farar rigarsa da ya yi duk zaman da ita, ya zauna a kujerarsa, taga a damansa. Labulen falonmu ruwan ɗorawa ne, idan rana ta karkata sai duk ɗakin ya koma kamar an jiƙa shi da zuma. A cikin wannan hasken Shuɗi ya yi sallama. Ya sa riga mai guga, ya wanke hannu har fatar ta yi fari, amma shuɗin yana nan. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya gaida Yaya. Ni bai kalle ni ba. Ya jingina hoton a kan tebur, jikin bango, daidai gaban Baba, ya janye ƙyallen da ya rufe shi.

Kowa ya zuba wa hoton ido. Fanka kawai ke juyawa.

Mama ce ta fara. "Me ya kawo kore a goshin mijina?"

Yaya ta kwashe da dariya har da dukan cinya. "Ja, rawaya, kore. Baba, an mayar da kai danjar titi. Wallahi ya san sana'arka."

"Ke, bari," in ji Mama, amma ita ma bakinta yana motsi. "Yaro, ciwo ka ga yana yi? Wannan shunin a ƙarƙashin haɓa fa? Kamar wanda aka shaƙe."

"Inuwa ce, Mama," in ji Shuɗi a hankali.

"Inuwa baƙa ce a inda na sani."

Ni ban ji sauran ba, don hoton ya riga ya kama ni. Masu karatu, Baba ne. Ba kama ba, shi ne. Yadda yake ɗan ɗage haɓa kamar yana jiran ɗalibi ya yi kuskure. Yadda yake dafe gwiwa da tafin hannu, ƙafar dama a gaba tana neman birkin da babu. Gefen fuskarsa na dama, wanda ke fuskantar taga, wuta yake ci: rawayar labule a kumatu, ruwan goro a karan hanci, ja siriri a gefen leɓe. Koren da ya dami Mama na san shi, hasken ganyen bishiyar da ke bayan taga ne yake sauka a goshin Baba duk la'asar, mu ne dai ba mu taɓa lura ba. Fentin gefen nan kauri gare shi, kana ganin sawun buroshi kamar an yi shi da sauri da farin ciki. A idon dama kuwa akwai ɗan ɗigon fari, ƙarami kamar ƙwayar gishiri.

Wannan ɗigon na san labarinsa. Ranar da Shuɗi zai gama giwar ɗakin karatu, ya miƙo mini buroshi ya ce ni zan sa mata na ƙarshe. Na ɗiga fari a idonta. Nan take ta kalle ni. Ya ce, "Kafin ɗigon nan fenti ne a bango. Bayansa, wani ne yake kallonki. Shi ke nuna haske ya shiga, an kuma amsa masa."

Na matsar da idona zuwa gefen hagu na Baba.

Launukan suna tafiya suna tsinkewa. Rawayar ta koɗe, ta koma toka, tokar ta koma wani fari-fari kamar gilashin mota da tururi ya rufe. Kabad ɗin kwanukan Mama da ke bayan kafaɗarsa ta hagu, da agogon bango, da ƙofar falo, duk suna nan amma sun narke, kamar madara aka zuba a ruwa. Ba inuwa ba ce. Inuwa duhu gare ta, wannan kuwa haske ne da ba ya nuna komai. A tsakiyar wannan farin idon hagu yake. An zana shi da kulawa fiye da komai a hoton, gira gashi-gashi, da ɗan kumburin ƙasan ido. Amma babu ɗigo.

Sai abubuwa suka fara zuwa mini a guje, ɗaya yana tura ɗaya. Gogar da ke gefen hagu na farar motar makarantarsa, wadda Baba ya ce wani ɗalibi ne mai taurin kai. Kofin shayin da ya ture kwanaki, ya yi wa Mama faɗa wai ta daina ajiye abu a bakin tebur. Yadda idan muna tafiya tare zai riƙo hannuna ya mayar da ni damansa, ni kuma in ɗauka kare ni yake daga motoci. Yadda ya daina fita da mota da zarar rana ta faɗi, wai ya tsufa da hayaniya. Duk na gani. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce ni, na gani ɗaya-ɗaya ban taɓa haɗa su ba. Baƙo ya zauna a falonmu ya haɗa.

Na kalli Baba. Ba ya kallon hoton yadda mutane ke kallo. Kansa gaba ɗaya yake juyawa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, idon dama yana shara kamar fitilar hannu. Da ya iso wurin idon hagu sai ya tsaya. Yatsunsa suka nutse a gwiwarsa.

"Tsaya, tsaya," in ji Yaya, ta miƙe ta matso tana ƙanƙance ido. "Kai Mai Fenti, fentinka ne ya ƙare a hanya? Wannan idon ai babu rai a cikinsa."

Mama ta leƙo. "Haka ne kuwa. Ɗaya yana ƙyalli, ɗaya kamar na kifi. Subhanallahi. Wane irin fata ne wannan?"

Yaya ta ɗaga waya ta saita. "Bari dai in ɗauka a yadda yake, kafin ya gyara. Kawu zai yi dariya har ya faɗi."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a tsaye tsakanin wayar da hoton.

"Kar ki ɗauka, Yaya."

Ta sauke wayar kaɗan ta leƙo ni ta samanta. "Mama, kin ji? Shiru ta yi magana. A rubuta ranar nan."

"Haske daga taga yake zuwa," na ce, muryata tana fita siririya kamar ba tawa ba. "Taga tana damansa. Gefen nan bai samu ba. Idon da bai fuskanci taga ba ai ba zai yi ƙyalli ba. Haka ake zane."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Na dai shimfiɗa wani abu ne da kowa zai iya takawa ya wuce.

"To malamar zane," in ji Mama. "Ɗigo ɗaya ne ai. Ya sa mana mu huta. Ba zan rataye hoton mijina da mataccen ido a falona ba."

Sai a lokacin Baba ya yi magana, ba tare da ya ɗauke fuskarsa daga hoton ba.

"Samari."

"Na'am, Baba."

"Mantawa ka yi?"

Na gane abin da Baba yake yi. Ƙofa ya buɗe masa. Idan Shuɗi ya ce eh kawai, sai ya ɗiga farin, a yi dariya, Baba ya ce ya ga kansa, mako mai zuwa manya su zo. Kalma ɗaya ce tsakanina da duk abin da na yi wata da watanni ina roƙo. Hannun Shuɗi yana cikin aljihu. A karo na farko tun shigowarsa ya ɗago ya kalle ni, yana jira, kamar yadda ya ce a saƙo.

Zuciyata ta ce, ki gyaɗa masa kai. Wuyana ya ƙi. Abin da ke gabana ba hoton ba ne, yarinyar nan ce 'yar siririya da Baba yake koya wa tuƙi ranar Litinin, wadda nake gani tana riƙe sitiyari kamar zai gudu, ta dogara da cewa mutumin da ke kusa da ita yana ganin duk abin da ita ba ta gani.

Na sunkuyar da kai. Ban ce sa ba, ban ce kar ka sa ba. Shiru dai.

Shuɗi ya zaro buroshin da ɗan bututun farin fenti, ya matsa ya ajiye su a kan ƙaramin teburin da ke daman Baba. Na lura da wannan: a dama ya ajiye.

"Ban manta ba, Baba. Hotonku ne. Idan kun ce in sa, yanzu zan sa. Amma cewa kuka yi in zana ku yadda za ku ga kanku."

Mama ta tafa hannu sau ɗaya. "Ka ji rashin kunya. Malam, ka ji ko? Tun bai shigo ba yana ja da kai. Injiniya ko a mafarki..."

"Ya isa," in ji Baba. Ba da ƙarfi ba, amma Mama ta haɗiye sauran. "Samari, tashi ka tafi. Bar hoton."

"Baba..."

"Na ce ka tafi."

Ya tafi. Na ji ƙarar ƙofar gida, na ji kamar a ƙirjina aka rufe ta. Yaya ta ɗauki takalmanta tana cewa ita dama ta faɗa, wai Allah ya rufa asiri tun ba a yi nisa ba. Baba ya ce ita da Mama su ba shi wuri, kansa yana ciwo. Na juya zan bi su.

"Uwata, ke zauna. Rufe ƙofar."

Baba kaɗai ke kirana Uwata. Na tura ƙofar har ta yi ƙaras, na dawo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, a dama. Rana ta ƙara yin ƙasa, zumar ɗakin ta koma ja. Daga nan ya ɗaga tafin hannunsa ya rufe idon dama.

"Yanzu babu ke," ya ce. "Babu hoton. Akwai dai wani fari yana motsi."

Ya sauke hannun. Na danne bakina da gefen ɗankwali.

"Shi ya faɗa miki?"

"A'a, Baba. Yanzu na gani. A hoton."

"Ban taɓa ce masa komai ba. Zama kawai nake yi." Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Uwarki tana kwana tana tashi da ni ba ta gani ba. Ɗan mutane ya zo da tsumma a kafaɗa ya tuɓe ni a falona."

"Bai faɗa wa kowa ba."

"Ya jingina shi a bango dai." Ya gyara zama. "Wannan na daman ma ya fara gajiya da yamma. Launuka suna cakuɗe mini. Faɗa mini abin da ya yi a gefen can. Kar ki yi mini irin bayanin da kika yi wa Yayarki. Na ji shi, na gode, amma ni ba yaro ba ne."

Na matsa gaban hoton a kan gwiwoyina. Ni da ban iya haɗa jimla uku a gaban mutane ba, na fara. Na faɗa masa yadda rawayar take tsinkewa daga karan hancinsa. Na faɗa masa kabad da agogo da ƙofa sun narke a cikin fari. Na ce fentin gefen dama mai kauri ne, na hagu kuwa siriri ne har zaren ƙyallen yana leƙowa, kamar mai zanen yana tsoron ya danna ya ji masa ciwo.

"Ya mai da ni abin tausayi ke nan."

"A'a, Baba. Kafaɗarka a miƙe take. Bai rage maka ko kaɗan ba."

"Fuskar fa? Fushi take yi?"

Na sake dubawa. Ina neman amsa sai na ga abin da ban gani ba ɗazu. A cikin duk farin nan da tokar nan akwai wuri ɗaya tak mai ɗumi. Kunnen hagu. Shuɗi ya yi shi ja, jan garwashi, ya fi komai haske a gefen, alhali babu wata taga da za ta haska shi. Kan kuma ya ɗan karkata, kaɗan, zuwa wajen kunnen.

"Ba fushi take yi ba. Saurare take yi. Ya kunna maka kunnen hagu kamar fitila, Baba. Kamar shi ne yake gadin gefen."

Baba ya kai hannu ya taɓa kunnensa.

"Da kunne nake jin babur idan zai wuce ta nan," ya ce, kamar da kansa yake. "Ina sauke gilashi ko ana ruwa. Yaran suna cewa tsohon yana son iska."

"Baba, Litinin kana da ɗaliba."

"Na sani."

"Idan babur ɗin bai yi ƙara ba fa?"

Ban taɓa yi wa Baba irin wannan tambayar ba. Na jira tsawa. Maimakon haka sai ya sa hannu a aljihun farar rigar, ya zaro makullan motocin biyu, ya juya su a tafinsa kamar yana auna nauyinsu. Ya miƙo mini.

"Riƙe. Ki ce na ba ki ne ki kai wa makanike idan an tambaya."

Ƙarfen yana da ɗumin jikinsa. Na damƙe.

"Wa zai kawo ɗansa wurin mai ido ɗaya ya koyi tuƙi?" ya ce. "Ranar da aka ji, ranar makarantar ta mutu. Uwarki kuma idan ta ji, kafin ta gama kuka aminiyarta ta ji, aminiyarta kuwa gidan rediyo ce. Saboda haka saurara da kyau. Ki faɗa wa Mai Fentinki ya zo Litinin da safe, ya same ni a bakin titi, ba a gida ba. Shi zai tuƙa ni asibitin ido. In ga ko yana duba madubi."

Na ɗago kai. "Baba, ke nan ka..."

"Ban ce komai ba. Na ce idan na ga kaina ya turo manyansa. To na gani, ban ji daɗin ganin ba." Ya ɗaga yatsa. "Ido gare shi, na yarda. Saura in ga ko yana da ciki. Mu uku muka san maganar nan. Ke na san ki, ko an matse ki ba ta fita. Idan na ji ta a bakin wani kafin ni in faɗa da kaina, na san inda ta fito. Mutumin da bai iya riƙe abin da ya gani ba, ba zan ba shi 'yata ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Na san Shuɗi ne, ban duba ba. Ina ƙoƙarin share fuskata ne idona ya sauka a ƙasan ƙofar falo. Tagar baranda tana jefo hasken yamma ta nan, kullum akwai wani siririn layi ja a ƙasan ƙofar a irin wannan lokacin. Yau layin a yanke yake, wuri biyu. Inuwar ƙafafu, a tsaye, ba sa motsi. Babu takalmi, shi ya sa ba mu ji zuwansu ba. Ban san tun yaushe suke wurin ba, ban kuma san ko na Mama ne ko na Yaya mai waya a hannu ba.

Ƙofar tana hagun Baba.

Sai na ga kansa ya ɗan karkata, daidai yadda yake a hoton. Ya ji wani abu, wataƙila numfashi, wataƙila ƙarar awarwaro da aka yi saurin dafewa.

"Uwata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ke ce idona a gefen nan yanzu. Akwai mutum a ƙofar?"

Idan na ce babu, zai yarda, don ba shi da yadda zai duba. Zai kwana da kwanciyar hankali, gobe maganar ta zaga dangi, ya ɗora wa Shuɗi laifin da bai yi ba. Idan na ce akwai, asirin da ya ɓoye da dukan ƙarfinsa ya tonu a gabansa, kuma ban san wanda zai huce a kansa ba. Ga buroshin can a kan tebur, ga farin fentin ko buɗe shi ba a yi ba. Shuɗi ya ƙi yi masa ƙarya a gefen da ba ya gani, alhali ni ce ladan ƙaryar.

Na damƙe makullan har suka shiga tafina.

"Akwai, Baba," na ce.

Hannun ƙofar ya fara juyawa.